Shinkafar da Gwaggo Ta Ƙi Ci

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan faɗa game da Gwaggo, yayar mahaifina, daga ƙwaƙwalwata na ɗebo shi, ita kuwa ƙwaƙwalwar ba abar dogaro ba ce sosai. Yawancin labaranta na ji su ne ina cin abinci a gabanta, rabin hankalina a kan kwano, rabi a kan jarrabawar da ke jirana. Mai yiwuwa na haɗa labari biyu ya zama ɗaya, ko na sa mata a baki maganar da wata ce ta faɗa. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda ban tabbata ba kuma zan faɗa.

Ta rasu a gidan ɗanta, wanda nake kira Yaya, a unguwar Harra ta Gabas a nan Madina. An yi mata salla a Harami, aka kai ta Baƙi'a. Duk wanda ya zo gaisuwa da wannan yake farawa: ta dace, Allah ya ba ta maƙwabtaka mai kyau. An jera kujeru a ƙofar gida kamar yadda ake yi a nan, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ɗaliban jami'a 'yan ƙasarmu sun zo da yawa, domin kusan kowannensu ya taɓa cin tuwonta a shekararsa ta farko. Wani mai kanti Basudane da ke kan layin ya ce bai taɓa jin muryarta ta ɗaga ba. Wani dattijo ya ce, "Baiwar Allah mai shiru-shiru, daga carbinta sai ɗakinta." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, amma a raina na ji kamar wata matar daban ake yabo.

Ina zaune kusa da Yaya lokacin da yake ba wani likita ɗan ƙasarmu labarin kwanakinta na ƙarshe. Ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi, magana ba ta fita sai da ƙyar. Yaya haifaffen nan ne, Hausarsa tana tafe tana jingina da Larabci. Ya ce, "Wallahi ya daktur, abin da ya ɗaure mana kai, kullum tana cewa a yi mata ghada, a yi mata ghada. A dafa a kawo, sai ta juya fuska bango. Ko cokali ɗaya."

Ghada a Larabcin garin nan shi ne abincin rana. Likitan ya ce haka masu irin wannan ciwo suke, rai yana so, maƙogwaro ya ƙi. Aka ce Allah ya sa kaffara ne. Ni kuwa kofin gahawa na riƙe a hannu har ya huce. Gwaggo ta fi shekara arba'in a Madina, ta iya Larabcin kasuwa da na asibiti, amma ban taɓa jin ta kira abinci da wani suna ba sai abinci. Akwai kuma wata kalma ta Hausa da ta yi kama da wannan, wadda in harshe ya yi nauyi ba za a bambance su ba, musamman a kunnen wanda aka haifa a nan. Gaɗa.

Ban je duba ta ba a makonnin nan sai sau ɗaya, na tarar tana barci. Ina fama da kundin digirina na biyu, ranar kare shi ta matso. Daga unguwar Al-Sih inda nake zaune zuwa Harra ba wata tafiya ba ce. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Na zo Madina karatu a farkon shekarun casa'in, mahaifina ya haɗa ni da kuka da daddawa ya ce in kai wa yayarsa. Sunan kakanmu aka sa mini, don haka tun ranar farko Babana take ce mini. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci can nake cin abinci. Tana zuba mini miya tana ba ni labarin Kano, amma ba Kanon da na baro ba, wata ce da ta shuɗe kafin a haife ni.

Ta ce a gidansu aka fara kafa akwatin rediyo a layinsu, irin wanda ake jawo masa waya a maƙala a bango. Ba a canza masa tasha, sai dai a ƙara murya ko a rage. Maƙwabta sukan cika zaure da yamma, kakarmu kuwa in ta ji muryar namiji ta fito daga akwatin sai ta jawo mayafi ta rufe kai. Ta ce akwai wani tela a unguwar mai garmaho, wanda ake wanawa da hannu, ana ɗaukarsa haya in ana biki. In wanin ya fara ƙarewa sai muryar mawaƙin ta riƙa yin kauri tana jan ƙafa, 'yan mata su yi ta ihu, "Yunwa yake ji, a ba shi tuwo!" Tana faɗin wannan tana kwaikwayon muryar, har hawaye su zubo mata don dariya.

Labarin majigi ta fi maimaitawa. Mota ce take zuwa fili, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake rufe rijiya da yadda ake tsabtace gida. Hoton ba ya magana da Hausa, sai wani mutum ya tsaya da lasifika yana fassarawa, shi kuwa ɗan unguwa ne, ya san kowa. In an nuno mace mai tsabta sai ya raɗa mata sunan wadda yake nema. In an nuno ƙazama, ƙudaje na bin kwanukanta, sai ya kira ta da sunan matar mai unguwa. Ta ce rannan sai da aka naɗe ƙyallen ba a gama ba, mai lasifika ya tsallake katanga ya bar takalminsa. Ban sani ba ko haka aka yi daidai, domin a wani faɗin hularsa ce ya bari.

Amma duk waɗannan kallo ne ta yi. Abin da ta yi da kanta shi ne gaɗa. Ga wanda bai sani ba, wasan 'yan mata ne a dandali. Sukan tsaya a da'ira suna tafi, ɗaya tana ba da waƙa sauran suna amshi. Sai wata ta fito tsakiya ta taka rawa, ta juya baya, ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama ta dira da ƙafafunta. Gwaggo ita ce mai ba da waƙa a unguwarsu. Ta ce ba ta taɓa haddace ta wani ba, nan take take ƙirƙira, ta sa sunan wadda ta ci bashin lalle, da saurayin da ya zo zance da aron keke. Na taɓa tambayarta ko ba ta jin tsoron faɗuwa.

Ta ce, "Babana, ai daɗin ke nan. Ka saki jiki ba ka waiwaya ba. Wadda ta waiwaya ita ke karya ƙugu."

Aka yi mata aure, bayan 'yan shekaru ita da mijinta suka kamo hanyar gabas ta ƙasa, suka yada zango a Sudan, suka haye teku. Suka yi aikin hajji, suka zo ziyara, ba su koma ba. Shi ya kafa keken ɗinki, ita tana sayar wa alhazai yaji da ƙuli-ƙuli. Ko bayan da ta tsufa ta daina sana'a, in lokacin hajji ya zo sai ta sa a kai ta masaukan alhazai a Anbariyya, ta riƙa bi ɗaki-ɗaki tana neman tsofaffin mata 'yan Kano. Ba saƙo take nema ba. Sunayen ƙawayenta na dandali take jerowa, tana tambaya ko wance tana nan. Kowace shekara waɗanda ake cewa suna nan suna raguwa. Wata shekara ta dawo da wata tsohuwa da ta ɓace wa ayarinta, ba ta san sunan masaukinta ba, ba ta san komai ba sai sunan ƙauyensu. Gwaggo ta yi mata wanka, ta kwantar da ita a gadonta, ta hana kowa kai ta ofis sai da ta ƙoshi ta yi barci.

Rigima ɗaya na gani tsakaninta da Yaya. Ranar sunan ɗansa ne, an gama cin abinci bayan la'asar, mata suna wanke tukwane a saman soro. Gwaggo da ƙawarta, wata 'yar Damagaram da muke kira Inna, suka fara tafi, Gwaggo ta ɗaga murya. Ni ina kan matakala da tire a hannu, shi ne karo na farko kuma na ƙarshe da na ji ta. Murya ce siririya mai kaifi, ba ta yi kama da ta tsohuwa ba. Yaya ya hau da sauri ya wuce ni.

"Ummi, aib! Maƙwabta suna ji."

"Tafi ne fa, ba gobara ba."

"Ummi, nan ba Kano ba ce."

"Ni za ka gaya wa? Da ƙafata na zo, kai a nan ka tsinci kanka."

Ba na so a ɗauki Yaya mugu. Ya tashi a makarantar da yara suke tsokanarsa da launin fatarsa da harshen gidansu, ya sha wuya kafin ya samu mutuncin da yake da shi a layin. Abin da yake karewa ke nan. Gwaggo ta leƙo matakala ta gan ni, ta ce, "Babana, kai da kake karatu, me ka ce?" Na ce akwai saɓanin malamai a kan mas'alar. Ta dube ni, ta kwashe da dariya, ta koma kan tukwanenta. Ta yi kwanaki ba ta yi wa Yaya magana ba, daga baya suka shirya, amma ban ƙara jin an ce ta yi tafi a gidan ba. Ni kuma na zama abin tsokanarta. In ta zuba mini miya sai ta ce, "Gishirin ya ji, ko akwai saɓani?"

A rana ta biyu ta makoki matata ta fito daga wajen mata ta ce mini akwai damuwa. Babbar 'yar Yaya, budurwa ce da ta gama sakandare, ita ta yi jinyar Gwaggo tun daga farko har ƙarshe, ita ke juya ta, ita ke dafa mata. Tun ranar rasuwar ba ta ci komai ba sai ruwa. Tana ta faɗa da Larabci cewa Sitti, wato kakarta, ta mutu tana fushi da ita. Ta dafa shinkafa da kaza, Sitti ta ƙi. Ta koyi tuwo da miyar kuka a wajen maƙwabciya, ta ƙi. Kullum ita ce Sitti take kallo in tana roƙon ghada, in ta kawo kuma sai ta kau da kai tana hawaye. Yarinyar ta ce tabbas wani laifi ta yi mata da ba ta sani ba, yanzu kuma babu wanda za ta roƙa gafara.

Na rasa abin yi. In na yi shiru, yarinya za ta rayu da zaton kakarta ta tafi da ita a rai. In na faɗa, zan gaya mata ne cewa tsohuwa ta yi makonni tana roƙon abu ɗaya, babu wanda ya gane. Kuma ban ma tabbata ba. Ban ji da kunnena ba.

Inna ta daɗe da komawa Jidda wajen 'yarta, saboda gwiwoyinta, sai ranar aka kawo ta gaisuwa. Na nemi ganinta, aka zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki, na tsuguna na gaishe ta. Na gaya mata abin da Yaya ya ce, ban gaya mata zatona ba.

Ta sa hannu a kunne. "Ta ce a yi mata me?"

"Ghada, Inna. Haka suka ji."

Sai kafaɗunta suka fara rawa, na zaci kuka ne, ashe dariya ce. "Shinkafa suka ba ta? Wayyo ni, shinkafa!" Dariyar ba ta ƙare ba ta koma kuka. Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Ɗan nan, matar da ta ciyar da rabin Madina ce za ta roƙi abinci? Ai mun yi alkawari da ita, duk wadda ta riga kwanciya, ɗayar za ta zo ta yi mata tafi a kunne. Ba wanda ya aiko mini. Sai da ta mutu aka tuna da ni."

Na je na sami Yaya shi kaɗai bayan an watse. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa. Ban sani ba ko ya san kalmar tun da, ban tambaye shi ba, kuma ba na zarginsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka bar shi ghada, ya akhi. Don Allah ka bar shi ghada."

Na ce masa yarinyar ba ta cin abinci. Ya ce za ta ci, yara suna mantawa. Na ce to. Na koma gida da niyyar in yi shiru, ina gaya wa kaina cewa shi ne uba, shi ya san 'yarsa.

Inna ba ta nemi izinin kowa ba. Matata ce ta ba ni labarin abin da ya faru washegari a ɗakin mata. Inna ta sa aka kira yarinyar, ta zaunar da ita a gabanta ta ce, "Ke, buɗe kunnenki. Ga-ɗa. Faɗi in ji." Yarinyar ta ce gada. Inna ta ce, "Kin ji ko? Duk haka bakinku yake." Sai ta yi mata bayani, ta tafa hannuwanta a hankali don ta ji yadda kiɗan yake, wasu tsofaffi biyu suka kama mata, wata kuma ta ce a ji tsoron Allah, gidan makoki ne. Suka daina. Inna ta ce wa yarinyar, "Ba fushi take da ke ba. Duk gidan ke kaɗai ce budurwa. Wa za ta roƙa in ba ke ba? Ke ta zaɓa."

Matata ta ce yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tambaya, wa ya san wannan kalma a cikin dangi? Aka ce Baffanki na Al-Sih.

Da yamma na zo, ina zaune da Yaya a falo, sai na ji muryarta daga bayan labule. Ba ta gaishe ni ba. Da Larabci ta yi magana, kamar yadda ta saba, ni kuma na amsa da Hausa, kamar yadda na saba.

Ta ce, "Ammi, kai ka san abin da take nufi?"

Na ce ina zato, amma ban tabbata ba sai da Inna ta faɗa.

"Da ka zo ka ji ta, za ka gane?"

Na so in ce mai yiwuwa. Na ce, "Zan gane."

"To ina kake a lokacin?"

Yaya ya ce mata ta yi hankali, babba take yi wa magana. Na ce ya bar ta. Amsar da nake da ita, kundi da ranar jarrabawa, ba ta isa a faɗa ba. Sannan ta ce tana so in gaya mata duk abin da Sitti ta taɓa ba ni labari, kada in rage komai, kada kuma in gyara. Ta ce ita shekarunta duka a ɗaki ɗaya suke kwana, amma ba ta san kakarta tana waƙa ba. Yaya ya tashi ya fita. A daren ta ci abinci, matata ta ce kaɗan ne, amma ta ci.

Wannan rubutun shi ne abin da ta nema, iyakar abin da na iya tunawa. Na nuna wa Yaya kafin in ba kowa. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce ba hula ba ce, takalmi ne mai lasifika ya bari, shi ma ta ba shi labarin yana ƙarami. Bai ce in fitar ba, bai ce kada in fitar ba.

Na san akwai waɗanda za su ga bai dace a ambaci tafi da waƙa a kan matar da ke kwance a Baƙi'a ba. Ina girmama ra'ayinsu, kuma in akwai laifi a ciki nawa ne, ba nata ba. Ta yi sallarta, ta yi azuminta, ta ciyar da baƙi, ta kuma kasance yarinyar da ta fi kowa murya a dandalin unguwarsu. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata, ya yafe mana abin da muka gaza a kanta.

Saura roƙo. Duk wanda ya san ta, a nan ko a Jidda ko a gida, in ya ga na yi kuskure ya aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Na fi buƙatar gyaran a wajen iyayenmu mata da suka yi wasa da ita, in akwai wadda ta rage. Waƙoƙinta ko baiti ɗaya ban riƙe ba, Inna kuma ta ce amshi kawai ta sani, domin ita ba 'yar unguwarsu ba ce. In Allah ya kawo ɗayarku ziyara, ta tambayi gidan a Harra ta Gabas, ba ni za ta nema ba. Jikar tana nan, ta iya faɗin kalmar yanzu, tana jiran wadda za ta nuna mata sauran.